Abokiyar Jinyata Mai Ƙafa Bakwai

Tun ina ƙarama ba na shiri da gizo-gizo. In na hango yana a kusurwar ɗaki sai an share kafin in shiga, kuma har na yi aure na haihu ban sake hali ba. Don haka kada a ɗauka ni cikin masu son ƙwari aka haife ni. Lalura ce ta haɗa ni da wannan halitta, lalurar kuwa tarin fuka.

Tarin ya fara ne a matsayin mura. Ya ƙi tafiya, sai zazzaɓin yamma ya biyo, sai gumin dare wanda dole in tashi in canja riga. Ni tela ce, ba na bukatar sikeli; tef ɗin awona ya gaya min abin da ya zube daga ƙuguna. Ranar da jini ya fito a majinar da na tofar, maigidana bai tsaya jin ta bakina ba, ya kai ni asibiti. Aka gwada majina, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce tibi ce. Ya yi mana bayani dalla-dalla: magani na wata 6, wata 2 na farko haɗin magunguna huɗu, wata 4 na baya guda biyu, kullum da safe kafin in sa komai a ciki. Ya ce wanda ya ji sauƙi ya ajiye maganin a tsakiya, ƙwayar cutar na iya dawowa ta bijire, a koma jinya mai tsawo da wahala. Ya kuma ce ta iska take yaɗuwa, ba ta kofi ko cokali ba, kuma in an ɗauki wasu makonni ana shan magani daidai, hatsarin shafa wa wani yana raguwa ƙwarai.

'Yata ba ta kai shekara 5 ba a lokacin, saboda haka aka duba ta aka ɗora ta a kan maganin kariya. Aka yanke shawarar in koma wurin Umma in zauna a ɗaki mai taga, yarinyar kuma ta zauna da babanta da ƙanwarsa. Na yarda, don na ɗauka abin na makonni ne. Amma tsoron dangi ya fi bayanin likita tsawon rai. Makonnin suka wuce, kowa ya yi shiru da maganar a kawo min ita. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Wata ta aiko a karɓo mata yadinta ko yankawa ban yi ba, ɗan aiken kuma ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce a sa masa a leda. Ban yi fushi ba. Ban ma ji komai ba, wannan rashin jin shi ne ya fi tsorata Umma. Sai in wuni a kwance na juya wa ƙofa baya, ba na ɗaga waya, ba na tambayar ranar mece ce yau.

Wannan kallon bango shi ya sa na gan ta. Wata 'yar aba ce mai ruwan toka, jikinta duk gashi, ba ta fi farcen ƙaramin yatsana ba, tana tafiya a gefen taga tana tsayawa tana ci gaba. Na ɗan motsa, sai ta juyo gaba ɗayanta ta ɗaga kai ta zuba min manyan idanu biyu baƙaƙe masu ƙyalli. Duk gizo-gizon da na sani a rayuwata gudu yake yi ko ya lafe. Wannan kallona take. Na matsar da yatsa hagu, ta bi shi. Na mayar dama, ta bi. Da na ƙura ido sai na ga ƙafafunta bakwai ne, ɗaya ta gaba ta ɓalle. Can wani ƙuda ya sauka a gilashi, ta lallaɓa, ta ɗaure jiki, ta daka tsalle, ta kuskure. Maimakon ta faɗo ƙasa sai na ga tana lilo a iska da wani siririn zare, ta hau shi ta koma inda take, ta goge fuska da 'yan hannuwan gefen bakinta. Dariya ta kuɓuce min har ta tayar min da tari. Umma ta shigo da gudu tana salati.

Ina da ƙane da ke karatun ilimin halittu a jami'a. Na ɗauki hoton na tura masa, saƙon farko da na aika wa wani da raɗin kaina tun da na kwanta. Nan take ya kira. "Yaya, wannan ai gizo-gizo mai tsalle ce. Ba ta saƙa tarko, farauta take yi da ido." Ya ce danginsu ana kiransa Salticidae, sun haura iri 6,000, babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa, kuma a ganinsa tawa Menemerus bivittatus ce, wadda ke zama a bangon gidaje a ƙasashe masu zafi. Ya ce akwai mutane da yawa a duniya da ke kiwonsu a gida, musamman wani babba mai suna Phidippus regius, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka. Na ce masa lallai wasu ba su da aikin yi.

Da magariba Umma ta shigo da gwangwanin maganin sauro ta ce in fita za ta yi feshi. Na dubi taga. Na san abin da ke kashe sauro ba zai bar ta ba. Ban yi dogon tunani ba, na ɗauki wata robar da ake ganin cikinta, na kifa a gabanta, na taɓa bayanta da takarda, ta faɗa ciki. Na fito da ita tsakar gida a hannuna.

Umma ta dube ni ta dubi robar. Na zaci za ta ce ciwon ya taɓa min kai. Sai ta ce, "Ke dai kin san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. In kin kulle baiwar Allah, ci da shanta ya hau kanki. In ba za ki iya ba, sake ta yanzu." Na ce zan iya, Umma. Ta ce Allah ya sa. Daga baya ta gaya min da gangan ta ɗaure ni da wannan magana, don ta gaji da ganina a kwance.

Ƙanena ya koya min gyaran mazauninta ta waya. Abu na farko da ya ce ya ba ni mamaki: in kifa robar, murfin ya koma ƙasa. Dalili shi ne irinsu a can sama suke saƙa makwanci, in murfi na sama duk buɗewa sai an yaga mata ɗaki. Na gasa allura a wuta na huda ƙananan ƙofofi a gefe biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, in ba haka ba danshi ya taru ciki ya yi funfuna. Na sa ɗan reshe da ɓawon itace. Ruwa kuwa ba a zuba mata a murfi ko kofi, domin huhunta a ƙarƙashin cikinta yake, ruwa kaɗan na iya shaƙe ta. Ɗigo biyu ko uku ake sawa a jikin robar ta zo ta sha. Tana son haske don da ido take cin abinci, amma in rana ta buga robar kai tsaye zafi zai kashe ta cikin ɗan lokaci. Kafin gari ya waye ta saƙa wani farin abu a kusurwar sama, kamar aljihun da aka ɗinka aka bar masa baki biyu, ta shige. Na sa mata suna Mai-ido.

Maganin tibi ba wasa ba ne. Fitsarina ya koma ja-ja, an riga an gaya min aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, amma gani ya fi ji. Gaɓoɓina suka riƙa ciwo, zuciyata na tashi. Akwai safiyar da zan zauna da ƙwayoyin a tafin hannu ina kallonsu, ina jin in na bar na yau ɗaya me zai faru. Sai na kafa wa kaina doka: Mai-ido ba ta shan ruwa sai na haɗiye magani. Wauta ce, na sani, amma ta yi aiki, don da hantsi ya fito za ta leƙo daga aljihunta ta sauko inda na saba ɗiga mata. Ba na cewa gizo-gizo ta warkar da ni. Allah ne ya ba ni lafiya ta hanyar maganin. Ita dai ta sa ban tsallake shi ba a ranakun da ba ni da wani dalili.

Neman abincinta shi ya fitar da ni daga ɗaki. Nakan ajiye ɓawon 'ya'yan itace a wata kwalba a bayan gida, nesa da inda ake feshi, ƙananan ƙudajen nan su taru, in rufe in kawo. Ƙwaron da ya sha maganin feshi guba ne gare ta, wanda ya fi ta girma kuma hatsari ne. Ba kullum take ci ba. Cikinta nake dubawa, in ya yi tim in bar ta, in ya fara lotsawa in sa mata.

Farautarta ban taɓa gajiya da kallo ba. Idanunta takwas ne. Ƙananan na gefe da na baya aikinsu hango motsi, da zarar ƙuda ya gilma sai ka ga ta juyo zumbur. Manyan biyun na gaba su ne ke tantance abu. Ƙwayar idon a waje ba ta motsi, a cikin kai ne bututun idon ke juyawa, shi ya sa in ka kusantar da kyamarar waya za ka ga launin idon yana ɗan sauyawa alhali kanta na tsaye. Daga nan ta fara takawa a hankali, cikinta kusa da ƙasa, in ƙudan ya motsa ta tsaya cik. In ta kai inda take so sai ta danna bayanta a jikin reshe ta liƙa zaren tsaro, ta ɗaga ƙafafun gaba. Tsallen kansa ban taɓa ganinsa ba. Tana nan, sai kawai ta koma can da ƙuda a baki. Ƙanena ya ce ba wata tsoka mai kauri gare ta a cinya ba irin ta fara. Jinin jikinta take turawa da ƙarfi cikin ƙafafun baya su miƙe a take. Na riƙe wannan bayani, ban san zan sake bukatarsa ba.

Barci ya ƙaurace min a watannin nan. Ina kwance ina lissafin ko 'yata ta yi kuka, ko wa ya yi mata kitso. Ƙanena ya turo min labarin wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda Daniela Rößler ta jami'ar Konstanz a Jamus ta jagoranta. Sun ɗauki bidiyon 'ya'yan wani irin gizo-gizo mai tsalle da dare suna rataye da zare, suka ga idanunsu na motsi lokaci-lokaci, ƙafafu na zabura, abin da ya yi kama da matakin barcin da mutum ke mafarki a cikinsa. Ba su ce sun tabbatar suna mafarki ba. Ni dai tun daga ranar nakan rufe tocila da gefen zane in leƙa aljihun, in ga inuwarta a dunƙule, in ji aƙalla wani a ɗakin yana barci.

Sai wata rana ta ƙi cin abinci. Ƙuda ya bi ta gabanta ta kau da kai. Ta shige makwanci ta ƙara masa kauri, ta toshe bakin biyu. Kwana ya bi kwana ba motsi. Hankalina ya tashi fiye da yadda zan iya bayyana wa mai lafiya. Maganar Umma ta dawo min, na ce shi ke nan na kashe ta. Na ɗauki allura zan buɗe, sai na fara kiran ƙanena. "Yaya, don Allah ajiye allurar nan. Saɓa za ta yi." Ya ce fatarsu ba ta girma da su, sai sun tuɓe tsohuwa, kuma a wannan lokaci jikinsu laushi gare shi, taɓawa kaɗan na iya nakasa su. Ya ce in cire duk wani ƙwaro mai rai daga robar, in ci gaba da ɗiga ruwa nesa da ita don a samu ɗan danshi, in kuma haɗa hannuwana in zauna. Zaman nan ya fi haɗiyar magani wuya.

Da ta fito ta ƙara girma, launinta ya yi tas, tsohuwar fatar kuma tana rataye a bakin aljihu har da ramukan idanu. Na ƙirga ƙafafu don sabo. Takwas. Sabuwar siririya ce, ta fi sauran gajarta da haske, amma tana taka ta. Na kira Umma ta zo da tabarau ta ƙirga da kanta, ta yi tasbihi ta fita tana girgiza kai. Wannan ce saɓarta ta ƙarshe. Irinsu in sun balaga ba sa sake yi.

An sake gwada majinata bayan wata biyun farko, aka ce ba a ga ƙwayar cutar ba. Na fara mayar da jiki. Duk da haka in na tambayi maigidana yaushe za a kawo yarinya sai ya ce a ƙara haƙuri, 'yan uwa na ganin a bari a gama maganin gaba ɗaya. Ni kuma in ce to. A cikin wannan "to" ɗin ne cikin Mai-ido ya kumbura, ta sake rufe kanta, da na haska sai na ga ta kwanta a kan wani ƙulli na ƙwai. Na yi murna, ƙanena ya kashe min ita. Ya ce tun kafin ta balaga take hannuna, ba ta haɗu da namiji ba, ƙwan ba za su ƙyanƙyashe ba. Na ce to in cire mata su ta huta? Ya ce a'a, in bar ta, ita za ta bari da kanta.

Makonni tana kwance a kansu. Da ƙyar take leƙowa ta sha ruwa ta koma, cikinta ya lotse. Ba na son in ɗora wa ƙwaro tunanin ɗan Adam, ita abin da aka halitta mata take yi. Amma ni mutum ce, kuma abin da na gani ya yi min zafi. Wani dare na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti. Da safe na kira maigidana na ce, "Abban yarinya, ranar da zan koma karɓar magani ka zo, ka taho da ƙanwarka, ku ji daga bakin likita. In ya ce akwai hatsari na haƙura. In ya ce babu, a ranar nake son 'yata." Ya yi shiru, sannan ya ce to. Suka zo, likita ya maimaita abin da ya faɗa tun farko, da yamma aka kawo ta.

Ba ta rugo gare ni ba. Ta ɓuya a bayan babanta ta riƙe masa riga, tana kallon wata ramammiyar mata da aka ce mamanta ce. Na miƙa hannu ta ƙara noƙewa. Ban san abin yi ba, sai na ɗauko robar na zauna a ƙasa na ce zo ki ga wata mai ido takwas. A lokacin Mai-ido ta riga ta bar ƙwan ta koma farauta. Yarinya ta matso, ta sa yatsa a jikin robar, Mai-ido ta juyo ta ɗaga kai. Ta ce, "Mama, tana kallona!" Tana ƙoƙarin ƙirga idanun, ba ta ankara ba ta zauna a cinyata.

Na gama wata shida, gwajin ƙarshe ya fito lafiya, na koma ɗakina da robar a jaka. Na yi tunanin sakinta a bango, amma tsufa ya riga ya kama ta. Yawancinsu shekara ɗaya zuwa biyu suke yi a duniya. Ta fara zamewa daga jikin robar, don gashin tafin ƙafar da ke riƙe ta a wuri mai santsi ya lalace. Na yanko ƙyallen raga na liƙa a bangon ciki don ta samu abin kamawa, na shimfiɗa auduga a ƙasa saboda faɗuwa. Tsallenta ya daina kaiwa, sai in kashe ƙuda in miƙa mata a bakin tsinke, ruwa kuma in jiƙa auduga in kai mata har baki. Wata safiya na same ta a ƙasa ƙafafunta sun naɗe ƙarƙashin jikinta. Na tuna bayanin ƙanena: ƙarfin jini ke miƙe su, in ya tafi sai su lanƙwashe. Na yi kuka, maigidana bai yi min dariya ba, kuma na riƙe masa wannan a zuciya.

Yau ina lafiya, na koma kan keken ɗinki. Wasu masu kawo aiki sun dawo, wasu har yanzu in mun haɗu daga nesa suke gaisuwa, ban kuma bi su da bayani ba. Ƙanena ya taɓa ce min ana sayar da manyan nan na Amurka masu baki kore shar, ko ina so. Na ce a'a. Baƙon iri in ka gaji da shi ba ka da ikon sakinsa a inda ba ƙasarsa ba, na bango kuwa duk ranar da na ga ba zan iya ba sai in buɗe murfi in mayar da shi inda na ɗauko. Wanda ke wurinmu yanzu namiji ne, ya fi Mai-ido ƙanƙanta da rashin haƙuri, kuma 'yata ce ke ɗiga masa ruwa kafin ta tafi makaranta. Rigimar da muke ciki a 'yan kwanakin nan ita ce ta kamo wata a bayan labule, ta dage sai an haɗa su roba ɗaya don kada ya ji kaɗaici. Na gaya mata ba sa zaman tare, babba cinye ƙarami yake yi. Ta ce nata ba za su yi haka ba, ta gaya musu. Na huda mata roba ta biyu, ta ajiye su gefe da gefe, kuma har yanzu ba ta yafe min ba.